Matsalolin Numfashi a Wurin Ɓeran Masar

Gabatarwa

Dabbar da Bahaushe yake kira ɓeran Masar wata ƴar halitta ce mai gajerun ƙafafu da dunƙulallen jiki, ba ta da wutsiyar da ido zai gani, kuma nauyin babba daga cikinsu yakan kama daga giram 700 zuwa 1,200. Sunan nan yana iya ɓatar da mai karatu ta fuska biyu. Ta farko, ko da yake ɗan uwan ɓera ne na nesa, halinsa ya sha bamban da na ɓeran rumbu: bai iya hawan bango ba, kuma ciyawa ce abincinsa. Ta biyu, bai fito daga Masar ba. Asalinsa duwatsun Andis ne na Kudancin Amurka, wato yankin da a yau ya ƙunshi Feru da Bolibiya da Ikwado, inda mutane suka mai da shi dabbar gida dubban shekaru da suka wuce, suna kiwonsa domin nama. Sai a ƙarni na 16 ne ƴan kasuwar Turai suka kai shi ƙasashensu. Bahaushe dai ya saba jingina baƙon abu ga Masar, ƙasar da alhazai da fatake suke ratsawa. Haka ya yi wa masara da gwandar Masar, waɗanda su ma daga nahiyar Amurka suka fito. Bai kamata a yi masa dariya ba, domin Bature ma bai tsira ba: Ingilishi ya ce aladen Gini ne, Faransanci ya ce aladen Indiya, Jamusanci kuwa ya ce ɗan aladen teku, alhali dabbar ba ta haɗa komai da alade ba.

A Feru har yau nama ne da ake ci, haka kuma a tsaunukan yammacin Kamaru da gabashin Kwango. Amma a Turai da Amurka ta Arewa ya zama abokin zama na cikin ɗaki, ana raɗa masa suna, ana kai shi asibitin dabbobi. A Suwizalan ma dokar kare dabbobi ta 2008 ta hana a ajiye shi shi kaɗai, saboda dabba ce mai zaman garke. Wannan takarda ta shafi irin wannan ɓeran Masar ne, na cikin keji, wanda yakan rayu shekara 5 zuwa 7 in an kula da shi, da kuma abin da yake cikin manyan masu katse masa wannan rayuwa, wato ciwon hanci da huhu. Abin da za a nuna shi ne, a wurin wannan dabba babu abin da za a raina a ce ai ƴar mura ce. Ƙirar jikinsa da halinsa na ɓoye ciwo sun sa tazarar da ke tsakanin atishawar farko da mutuwa gajera ce ƙwarai, sannan maganin da yake ceton ɗan Adam daga irin wannan ciwo yana iya zama shi ne ajalinsa.

Yadda yake numfashi

Ɗalibin da ya yi darasin furuci ya san hanɗa, wato tattausan naman nan da ke can bayan ganɗa, inda doron harshe yake taɓawa wajen furta /k/ da /g/ da /ƙ/. A jikin ɗan Adam hanɗa gajera ce, tana ɗagawa ta toshe hanyar hanci ko ta sauka ta buɗe ta, shi ya sa mutum yake iya shaƙar iska ta baki ko ta hanci yadda ya ga dama. A wurin ɓeran Masar kuwa hanɗar doguwa ce, ta sauko har ta haɗu da gindin harshe, ta bar ƴar ƙaramar kafa a tsakiya wadda abinci yake bi. Saboda haka iskarsa ta hanci take shiga, ta hanci take fita. Mutumin da mura ta toshe wa hanci yakan buɗe baki ya ci gaba da harkarsa. Ɓeran Masar da majina ta toshe wa hanci kuwa, yana cikin halin wanda aka shaƙe wa wuya. In har aka ga ya buɗe baki yana neman iska, to, abin ya kai maƙura, kuma sa'o'i ake ƙirgawa.

Lafiyayyen ɓeran Masar yana numfashi wajen sau 40 zuwa 100 a minti ɗaya, alhali baligin mutum yana yin 12 zuwa 20. Zuciyarsa tana bugawa sau 230 zuwa 380 a minti, zafin jikinsa kuma yana tsakanin digiri 37 da 39.5 a ma'aunin Selshiyas. Ƙirjinsa ƙarami ne idan aka gwada da cikinsa, domin hanjin da yake narkar da ciyawa ya cinye mafi yawan wurin, sannan a cikin ɗan ƙirjin ma zuciya ta ɗauki babban kaso. Ma'ana, ba shi da rarar huhu. Idan ciwo ya lalata wani sashe, abin da ya rage ba ya isa ya ɗauki nauyin jiki na tsawon lokaci.

Bugu da ƙari, bututun iskar da ke cikin huhunsa suna da tsoka mai saurin tsukewa. Tun a shekarar 1910 Henry Dale da Patrick Laidlaw suka nuna a Ingila cewa sinadarin histamin, wanda jiki yake saki idan ya haɗu da abin da bai karɓe shi ba, yana tsuke waɗannan bututu har dabbar ta mutu. Wannan ne ya sa masu binciken ciwon fuka suka daɗe suna gwaji a kansa. Haka kuma huhunsa yana da saurin kamuwa da tarin fuka: Robert Koch ya yi amfani da shi a Balin lokacin da ya gano ƙwayar cutar a 1882, sannan a shekarun 1950 Richard Riley da abokan aikinsa suka ja iskar ɗakin masu tarin fuka na wani asibiti a Baltimo ta bututu zuwa wurin da suka ajiye ɓerayen Masar, dabbobin suka kamu, aka tabbatar da cewa ta iska cutar take yaɗuwa. Ba safai ake ganin tarin fuka a kejin gida ba. An kawo labarin ne domin a nuna irin huhun da ake magana a kai: wanda masana suka zaɓa saboda rauninsa.

Alamomin ciwo

Dangin ɓeran Masar na daji abincin shaho ne da dila da macizai, kuma mai farauta yakan fara da wanda ya ga ya yi laushi. Don haka dabbar ta gaji halin nuna lafiya ko da tana jin jiki. Tana iya zuwa bakin kwano tare da ƴan uwanta, ta sa baki kamar tana ci, alhali ba ta haɗiye komai ba. Ranar da mai shi ya lura cewa ba shi da lafiya, sau da yawa ciwon ya yi kwanaki.

Harshen Hausa yana da wadatar kalmomi a wannan fage, kuma bambancin da ke tsakaninsu yana da amfani a nan. Atishawa ɗaya ko biyu a wuni, musamman lokacin da aka zuba sabuwar ciyawa, ba abin damuwa ba ce. Wadda ake tsoro ita ce mai maimaituwa, mai zuwa da majina. Majinar ma ba kullum ake ganinta a hanci ba, domin yakan share ta da ƙafafun gaba. Wanda ya san dabbar yakan ɗaga ƙafafun ya duba ta ciki, in ya ga gashin wurin ya manne ya bushe, ya san hanci yana zuba. A ido kuwa sai an yi hattara: lafiyayye yakan fitar da wani farin ruwa kamar madara a gefen ido, ya shafa shi a fuska yana wanke kansa. Wannan ba ciwo ba ne. Kwantsa mai kauri, ruwan ɗorawa ko kore, mai manne fatar ido, ita ce alamar ciwo. Tari kuwa ba ya yawan yi. Wani lokaci ƙwarewa ce kawai don ya ci abinci da gaggawa, amma in ya ɗore sai a duba.

Sai kuma sauti. Ɓeran Masar dabba ce mai surutu: yana fito da ƙarfi in ya ji motsin abinci, yana gurnani a hankali in ana shafa shi ko yana neman mace. Waɗannan da gangan yake yin su, kuma yana iya dainawa. Sautin ciwo shi ne wanda yake bin kowane numfashi ba ya tsayawa, ko dai wani ƙas-ƙas kamar ana murza busasshen ganye, ko minshari alhali idonsa biyu, ko kakari irin na wanda ruwa ya tsaya wa a maƙogwaro. Ana iya jin sa in aka kara kunne a ƙirjinsa a ɗaki marar hayaniya. Haki shi ne mataki na gaba: kwiɓinsa yana shiga yana fita da ƙarfi, ya miƙar da wuya, ya ƙi kwanciya. Idan leɓe da dasashi suka bar launin ja-ja suka koma toka-toka ko shuɗi-shuɗi, jini ya rasa iskar oksijin ke nan.

Sai dai alamar da ta fi zuwa da wuri ba ta hanci ba ce. Dabbar da take fama da numfashi ba ta iya tauna da haɗiya cikin natsuwa, sannan toshewar hanci tana ɗauke mata ƙanshin abinci. Sai ta takure a lungu, gashinta ya tashi, kashinta ya ragu ya ƙanƙance. Wannan kaɗai haɗari ne, domin hanjin ɓeran Masar an gina shi ne a kan ci ba dare ba rana. In ya yi wajen sa'a 12 bai ci komai ba, hanjin yakan fara tsayawa, iska ta taru a ciki. Shi ya sa likitocin dabbobi suke ba da shawarar a riƙa ɗora shi a ƙaramin sikeli irin na kicin sau ɗaya a mako, ana rubutawa. Raguwar giram 50 a jikin mai giram 1,000 daidai take da mutum mai kilo 70 ya zubar da kilo uku da rabi cikin mako guda. Ido ba ya ganin wannan ta cikin gashi, sikeli yana gani.

Ƙwayoyin cutar

Mafi shahara a cikinsu ita ce bakteriyar da ake kira Bordetella bronchiseptica, ƴar uwar wadda take jawo tarin shiƙa a wurin yara. Sunanta ya samo asali ne daga Jules Bordet, masanin nan ɗan Beljiyam. Ita ce kuma ɗaya daga cikin masu sa karnuka tari a wuraren da aka tara su. Abin lura a nan shi ne zomo. Zomaye da yawa suna ɗauke da ita a hanci ba tare da ta yi musu komai ba, amma in ta shiga ɓeran Masar sai ta zama ciwon huhu mai kisa. An daɗe ana haɗa dabbobin biyu a keji ɗaya, a Turai da kuma nan gida inda yara suke ajiye su tare a akurki, bisa tunanin cewa dukkansu masu cin ciyawa ne marasa faɗa. Wannan kuskure ne, ko da ba a yi maganar cewa abincinsu ya bambanta ba, kuma shurin zomo yana iya karya ɓeran Masar. Ƙwayar tana yaɗuwa ta atishawa, ta kwanon ruwa, da ta hannun mai kiwo. Takan sa mai ciki ɓari, takan kuma bi ta maƙogwaro ta shiga can cikin kunne, a ga dabbar ta karkatar da kai gefe guda tana tangaɗi.

Ta biyu ita ce Streptococcus pneumoniae, wadda irinta take jawo ciwon huhu da wani nau'in sanƙarau a wurin mutane. Takan zauna shiru a hancin dabbar tsawon watanni, sai ranar da jiki ya raunana saboda ciki ko sauyin wuri ko cunkoso ta taso. Ba ta tsayawa a huhu kaɗai, takan kumbura tantanin da ya lulluɓe huhu da wanda ya lulluɓe zuciya. Akwai ƴar uwarta, Streptococcus zooepidemicus, wadda ta fi shiga ta ƴan raunukan baki, ta fito a matsayin ƙurji mai mugunya a ƙarƙashin haɓa ko a wuya, wani lokaci kuma ta sauka huhu. Ban da bakteriya akwai wani bairus na dangin adeno wanda ɓeran Masar kaɗai yake kamawa. Kaɗan ne daga cikin garke suke nuna ciwon, amma waɗanda suka nuna, galibi ƙanana da tsofaffi, sukan mutu, wani lokaci ma sai dai a wayi gari a tarar da gawa.

Cutar tana iya bin hanya ta koma wajen mutum, ko da yake ba kasafai ba. A shekarar 2017 likitoci a Holan suka ba da rahoton mutum uku da suka yi ciwon huhu mai tsanani daga Chlamydia caviae, ƙwayar da a wurin ɓeran Masar yawanci ciwon ido kawai take sawa. Wanke hannu bayan taɓa marar lafiya kariya ce ga ɓangarorin biyu.

Keji, iska da abinci

Ƙwayar cuta ita kaɗai ba ta cika kayar da dabba mai ƙarfi ba. Yawanci sai an share mata hanya, kuma a keji ake share ta. Ɓeran Masar yana fitsari da yawa, fitsarin kuma in ya kwana a shimfiɗa sai ya riƙa fitar da iskar amoniya, wato zarnin nan mai yaji. Mutumin da yake tsaye yana iya cewa bai ji komai ba, amma hancin dabbar santimita kaɗan ne daga shimfiɗar, dare da rana. Amoniya tana ƙona ƴan siraran gasun da suke cikin hanyar iska, waɗanda aikinsu shi ne share ƙura da ƙwayoyin cuta su turo su waje. Gwajin da ya fi sauƙi shi ne mai kiwo ya durƙusa ya kai hancinsa inda na dabbar yake. Akwatin gilashi irin na kifi da bahon roba mai zurfi suna da kyan gani, amma suna riƙe zarni; keji mai waya a gefe da daɓe a ƙasa ya fi.

Shimfiɗar kanta tana iya zama matsala. Garin katako daga wurin kafinta ƙura ce tsantsa. Ɓawon itacen sida da na fain wanda ba a gasa ba, da aka daɗe ana sayarwa a kantunan dabbobi na Turai da Amurka saboda ƙanshinsu, suna fitar da wani mai wanda yake fusata hanci da huhu. Shimfiɗar takarda ko ƙyalle mai kauri da ake wankewa ta fi aminci. Ingirici dole ne, domin shi ne mafi yawan abincinsa, amma a kakkaɓe shi a waje, wanda ya yi fumfuna kuma a zubar. Hayaƙin taba, turaren wuta, maganin sauro na ƙonawa da na fesawa, da hayaƙin girki ko na janareta, duk abin da mutum yake jurewa da ɗan tari, wannan huhu ba ya jurewa.

Zafi kuwa shi ne babban abokin gabarsa a ƙasashen Sahel. Dabba ce ta tsaunuka masu sanyi, wadda ta fi jin daɗi tsakanin digiri 18 da 24. Ba ta gumi, ba ta kuma iya hakin sanyaya jiki irin na kare. Da zarar zafi ya doshi 30, musamman a wurin da iska ba ta kaɗawa, sai a ga numfashi ya yi sauri, miyau yana dalala, dabbar ta baje a ƙasa. A Yamai ko Damagaram, inda zafin Afrilu da Mayu yake wuce 40, kejin da aka bari ƙarƙashin rufin kwano tarkon mutuwa ne. Ana rage haɗarin da inuwa mai iska, da kwalbar ƙanƙara da aka naɗe da tsumma, ko a sa kejin kusa da randa mai sanyi. Wanda zafi ya riga ya kayar, a jiƙa masa kunnuwa da ƙafafu da ruwa mai ɗan sanyi a hankali. Ruwan ƙanƙara yana ƙara masa lahani. Hunturu kuma da nasa: ƙura, bushewar iska da sanyin asuba. Wani gwaji da aka buga a 2007, wanda Anice Lowen da Peter Palese da abokan aikinsu suka yi a birnin Niyok, ya nuna cewa bairus ɗin mura mai zazzaɓi ya fi yaɗuwa tsakanin ɓerayen Masar a iska mai sanyi da bushewa. A irin wannan lokaci a kare kejin daga bugun iska kai tsaye, amma kada a rufe shi ruf.

Game da abinci, abu ɗaya ya bambanta shi da zomo da akuya da kusan dukkan dabbobin gida: jikinsa ba ya ƙera bitamin C, kamar dai jikin ɗan Adam da na biri. Wannan ne ya sa Axel Holst da Theodor Frølich suka iya haifar masa da cutar nan ta matuƙa jirgin ruwa, mai sa dasashi zubar jini, a Nowe a shekarar 1907, abin da ya buɗe hanyar gano bitamin ɗin. Babba yana buƙatar wajen miligiram 10 a kowane kilo na nauyinsa kullum, mai ciki da marar lafiya kuwa har ninki uku. In ya rasa, garkuwar jiki takan faɗi tun kafin a ga ɗingishi ko kumburin gaɓoɓi. Abincin kanti da aka zuba wa bitamin ɗin yakan rasa shi cikin wata uku, a wuri mai zafi ma kafin haka, wanda ake ɗigawa a ruwan sha kuma haske yana lalata shi, ga shi yana sauya ɗanɗanon ruwan har dabbar ta rage sha. Ɗanyen tattasai marar yaji da ɗan yankin gwaba sun fi: giram 100 na gwaba yana ɗauke da wajen miligiram 200, ninki huɗu na lemon zaƙi.

Idan laifin ba na huhu ba ne

Ba duk haki ne ciwon huhu ba. Tsohon ɓeran Masar yakan yi ciwon zuciya, ta kumbura ta kasa tura jini, ruwa ya taru a huhu ko kewayensa. Irin wannan ba ya zuwa da majina, kuma maganin kashe ƙwayoyin cuta ba ya taɓa shi. Kumburin ciki yana danne tantanin da ya raba ƙirji da ciki har huhu ya rasa wurin buɗewa. Haƙoransa guda 20 ba sa daina tsiro, in ba su sami ciyawar da za ta goge su ba, saiwar na sama takan tura zuwa kogon hanci da ido, a ga ruwa yana zuba a ɗauka mura ce. Akwai kuma ƙari a huhu, wanda ya fi fitowa bayan shekara 3, da gubar ciki a wurin mace mai ƙiba da ta kusa haihuwa. Daga waje duk kamanninsu ɗaya, sai hoton ƙirji da kunnen likita suke rarrabe su.

Magani da haɗarinsa

A ranar 25 ga Mayu, 1940, Howard Florey da Ernst Chain da abokan aikinsu a Oksfod suka sa wa ɓeraye takwas ƙwayar cuta mai kisa, suka ba huɗu fenisilin. Waɗanda ba a ba su ba suka mutu kafin wayewar gari, waɗanda aka ba suka kwana da rai. Ana yawan cewa da ɓerayen Masar suka ɗauka maimakon ɓerayen gida, da wataƙila an yi watsi da maganin a matsayin guba. Maganar tana da ɗan ƙarin gishiri, domin masu bincike ba sa tsayawa a kan dabba ɗaya, amma tushenta gaskiya ne: fenisilin yana kashe ɓeran Masar.

Dalilin yana cikin hanji. Ciyawar da yake ci, wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani ne suke narkar masa da ita, kuma yawancinsu irin waɗanda fenisilin yake kashewa ne. In suka mutu, sai wata muguwa mai suna Clostridium difficile ta sami fili ta yaɗu, ta saki guba. Cikin ƴan kwanaki dabbar takan daina ci, zawo ya kama ta, ta mutu, mai ita kuma ya ɗauka ciwon huhun ne ya ci ƙarfinta. Amoksisilin da amfisilin, waɗanda dangin fenisilin ne, da eritromaisin da kilindamaisin da linkomaisin duk suna cikin wannan sahu. Abin takaici, su ne magungunan da suka fi kusa da hannu: ragowar ruwan amoksisilin da aka saya wa yaro, ko kafson da mai talla yake yawo da shi a tire a kasuwa. Tausayin da ya sa aka ɗiga masa su a baki shi ne yake ƙarasa shi. Ko a asibitin dabbobi ma, in likitan ya fi sabawa da shanu da karnuka, babu laifi mai dabba ya tambayi sunan maganin kafin a ba shi.

Waɗanda likitoci suka fi amfani da su ga wannan dabba su ne enrofuloksasin, doksisaikilin, kuloramfenikol, da haɗin nan na salfa da aka fi sani da sunan Bactrim ko Septrin. Su ma ba na gwaji a gida ba ne, domin da giram ake auna dabbar a fitar da adadi, sannan wanda ya yi wa wata ƙwaya aiki ba lalle ya yi wa wata ba. In da hali akan ɗauki majina a kai ɗakin gwaji. Wanda ya iso yana haki sosai, akan fara sa shi a akwatin oksijin kafin ma a taɓa shi, domin kama shi da ƙarfi a wannan hali yana iya tsayar masa da numfashi. Akan haɗa da maganin raɗaɗi, da ruwa ta ƙarƙashin fata, da ƙarin bitamin C. Maganin yakan ɗauki mako biyu ko fiye, kuma tsayar da shi don an ga sauƙi yana dawo da ciwon.

Sauran aikin na mai jinya ne a gida. Ana goge masa hanci da auduga da ruwa mai ɗumi domin kafar iska ta buɗe. In ba ya ci, ana dama abincinsa ya yi kamar kunu a ba shi da sirinji marar allura, ta gefen baki, kaɗan-kaɗan, kowace ƴan sa'o'i. A nan akwai wani haɗarin: ɓeran Masar ba ya amai, kuma in aka kwantar da shi rigingine kamar jariri ko aka tura abincin da sauri, sai ya bi hanyar iska ya sauka huhu, ya haifar da sabon ciwo a kan na da. Ƙafafunsa huɗu su kasance a ƙasa, a jira ya tauna ya haɗiye kafin a ƙara.

Ana raba marar lafiya da sauran, amma a bar shi inda zai riƙa jin muryarsu, domin kaɗaici ma yana hana shi ci. Wanda ya warke daga Bordetella yana iya ci gaba da ɗauke da ita a hanci, haka ma wanda aka sayo jiya yana tsalle. Saboda haka sabon zuwa yakan yi mako biyu zuwa uku a wani ɗaki dabam, da kwanonsa da ruwansa, ana auna shi ana duba ƙafafunsa na gaba. A tsawon wannan lokaci tsofaffin gida ake fara ba abinci, sannan a je wurin baƙon, a wanke hannu da sabulu kafin a komo.